Shin Higgs ɗan tilo ne, ko yana da ƴan'uwan da ba a gano ba tukuna?

MushenFizik:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina koyar da fizik a wani lise nan cikin Maraɗi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ranar Talata muna cikin darasin ƙwayar zarra da ƴan taminal, sai na kawo musu labarin bozon na Higgs, wanda aka sanar da gano shi ranar 4 ga Yuli 2012 a cibiyar binciken CERN, mai babban injin gwara ƙwayoyi, kan iyakar Faransa da Suwizalan. Na ce musu shi ne ƙwaya ta ƙarshe da ta rage a tsarin ƙwayoyin asali da masana ke kira Model Sitanda, da aka same shi sai tsarin ya cika. Sai wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, in ya cika, mi suke nema har yanzu? Don mi ba su kashe injin ba?" Na ce mata suna neman wasu ƙwayoyi irinsa. Ta ce: "Wa ya ce musu akwai?" Nan na tsaya, alli a hannuna. Na yi mata alkawarin amsa ranar Litinin. Kwana uku ke nan abin yana cina, don ba na son in ba ta amsar da za ta kashe mata gwiwa. Wanda ya san abin nan don Allah ya taimaka.

ƊanGulbi:
Wa alaikumus salam Mushe. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta taɓo tushen maganar. Ni haifaffen unguwar Ɗan Gulbi ne, ina karatun masta a wannan fanni a Maroko, kuma wasu daga cikin malamaina suna cikin ayarin ATLAS, ɗaya daga cikin biyun da suka gano Higgs ɗin. Ɗayan shi ne CMS.

Kowace ƙwaya tana da wata siffa da ake kira juyi. Elektoron juyinsa rabi ne. Foton, wato ƙwayar haske, juyinsa ɗaya. Higgs kuwa sifiri. Ƙwaya mai juyi sifiri ita ake ce wa sikala. To a cikin duk ƙwayoyin asali da aka taɓa gani, waɗanda ba a iya tsaga su, Higgs kaɗai ne sikala. Sauran kuwa dangi-dangi suke. Elektoron yana da yayye biyu, muwon da tawu, muwon ma ya ninka shi nauyi sau 207. Kwak, irin ƙwayoyin da ake gina furoton na cikin zarra da su, shida ne. Nutirino, ƙwayar da ba ta da caji kuma da ƙyar take taɓa wani abu, uku. Sai ga Higgs shi kaɗai kamar wanda ya faɗo daga sama. Wannan ba hujja ba ce cewa yana da ƴan'uwa, amma ya isa ya sa mutum ya leƙa bayan ɗaki ya duba.

Inna_ta_Zariya:
Ɗana, tsaya mini nan. Ni ungozoma ce, fizik ɗina ya tsaya tun kwaleji. Juyin nan, kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa ce?

ƊanGulbi:
Inna, sunan ne kawai ya yi kama, ba wai ƙwayar tana wulwulawa ba ne. Ga misalin da ya fi kusa. Ki ɗauki zafin watan Afrilu. A kowane wuri cikin garin nan akwai adadin zafinsa, ƙarƙashin bedi kaza, kan kwalta kaza. Adadi ne kawai, zafi ba ya fuskantar gabas ko yamma. Amma iskar hunturu tana da ƙarfi kuma tana da inda ta nufa, daga arewa maso gabas take kaɗowa, shi ya sa kike sanin tagar da za ki rufe. Filin maganaɗisu irin iskar ne. Filin Higgs irin zafin ne, ya cika ko'ina, ba shi da alƙibla. In aka girgiza filin nan da ƙarfi sosai, girgizar ita ce ƙwayar Higgs.

Inna_ta_Zariya:
Madalla, wannan ya shiga. Allah ya ƙara basira.

Ɗan_Bagalam:
Mu an koya mana cewa filin Higgs kamar taɓon gulbi ne da damina, wanda ya shiga sai ƙafarsa ta yi nauyi. Haka abubuwa ke samun nauyinsu.

Bakatsine_Lakcara:
@Ɗan_Bagalam, misalin ya shahara amma yana da rauni, kada Mushe ya kai shi aji haka. Taɓo yana rage maka gudu har ka tsaya. Filin Higgs ba ya tsayar da komai, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa. Abin da yake yi shi ne ya sa ƙwaya ta yi wuyar turawa. Sannan kusan duk nauyin jikinka ba daga Higgs yake ba. Kwak ukun da ke cikin furoton, in ka haɗa nauyin da Higgs ya ba su, kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na nauyin furoton ɗin. Ragowar kuzarin ɗaurin da ke riƙe da su ne. Gaisuwa daga Katsina, ƙetaren Jibiya.

Mai_Aya_Babbar_Kasuwa:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ɗan boko ba ne sosai, aya da wake nike saidawa. Nawa aka kashe wa injin wanga? Don ni abin da nike gani, damina in ta yi nisa, ɗiyanmu na kwance asibiti da tamowa da masassara, wasu ƙauyukan mata na tahiya mai nisa neman ruwa. Sannan a ce wasu na haƙa rami suna neman abin da ba su ma tabbata akwai shi ba. Raina bai kwanta da wannan ba.

Injiniyan_Kuran:
Alhaji, ginin injin kaɗai ya haura miliyar huɗu na kuɗin Suwizalan, ban da na'urorin ɗaukar bayanai. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ba zan ce maka ƙarami ne ba. Amma bari in faɗa maka abin da aka gina, don ni a matsayina na mai aikin wuta yana hana ni barci.

Rami ne zagayayye, tsawonsa kilomita 27, ya fi tafiyar Maraɗi zuwa Tibiri, kuma yana ƙarƙashin ƙasa kimanin mita 100. A ciki an jera manyan maganaɗisu 1232, kowanne tsawonsa mita 15. Ana sanyaya su da ruwan iskar heliyom har su kai digiri 271 ƙasa da sifiri, sun fi sararin samaniya sanyi. A wannan sanyin wayar ba ta turjewa wuta ko kaɗan, sai ta ɗauki sama da ampa dubu 11 ba ta yi zafi ba. Furoton yana zagaya ramin sau dubu 11 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, wasu ta dama wasu ta hagu, a gwara kansu a wurare huɗu.

Abin da ya fi taɓa ni: a watan Satumba 2008, kwana tara da kunna shi, haɗin waya guda tsakanin maganaɗisu biyu ya lalace. Wuta ta yi tartsatsi, ta huda bututu, heliyom ya ɓalle, aka ciro maganaɗisu 53, aka yi sama da shekara ana gyara. Haɗi guda. Ni da idona na ga shagon tela ya ƙone ƙurmus a Sabon Gari saboda wani ya murɗa waya biyu ya naɗe da leda. Ranar da na karanta labarin CERN na tara yaran shagona na ce musu, ku ga, ciwon nan ɗaya ne ko a ina.

Mai_Aya_Babbar_Kasuwa:
Na ji, aiki ne babba. Amma ba ka amsa mini ba. Mi talaka ya samu?

Hadiza227:
Baba Alhaji, shafukan intanet da muke buɗewa kullum a CERN aka ƙirƙiro tsarinsu. Tim Berners-Lee ne ya tsara shi a 1989 don masanan su riƙa musayar bayanai, a 1993 cibiyar ta sake shi kyauta ga duniya. Kuma irin na'urorin gano ƙwayoyi da suke ƙerawa, danginsu ne ake amfani da su a asibiti wajen ɗaukar hoton ciwon daji, akwai ma inda ake ƙona ciwon da furoton. Amma ni a ganina ba don wannan ya kamata a kare su ba. Kuɗin harajin ƙasashensu ne, sun ga dama sun zuba a neman sani. Tambayar da ta shafe mu ita ce, mu mi muka zuba? Na gama lise ban taɓa riƙe ma'aunin wuta da hannuna ba, a allo kawai aka zana mana shi.

Arlit_Gida:
Ku ƙara da wannan. Wutar da CERN ke sha, wadda kan kai megawat 200 in aiki ya kankama, daga layin Faransa take zuwa, kuma mafi yawan wutar Faransa daga tashoshin nukiliya ne. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Mahaifina ya yi shekara ashirin a can. Don haka in an ce ba ruwanmu da injin nan, ni ban yarda ba. Ƙasarmu ta daɗe a cikin lissafin, ƙwaƙwalwar ƴaƴanmu ce ba ta shiga ba.

Malam_na_Tibiri:
Salamu alaikum. Ni abin da ya hana ni sakin jiki da batun nan shi ne sunan da na ji ana kiran ƙwayar da shi a rediyo, wai ana jingina ta ga Ubangiji. Subhanallah. Wannan bai dace ba.

ƊanGulbi:
Allah ya gafarta Malam, gaskiyarka, kuma masanan kansu ba sa amfani da sunan. Daga kan bangon wani littafi ya fito, na wani masani ɗan Amurka, Leon Lederman, a 1993, ƴan jarida suka ɗauka. Peter Higgs, wanda aka sa wa ƙwayar sunansa, da kansa ya nuna ba ya son wancan sunan. A ajinmu ba wanda ke faɗarsa. Kuma Malam, tsarin da Higgs ke zaune a ciki, cikin waɗanda suka gina shi akwai Abdus Salam, ɗan Pakistan, wanda ya raba kyautar Nobel ta 1979 da Glashow da Weinberg. Shi ne ya kafa cibiyar nazari a Tiriyeste ta Italiya a 1964 musamman don masanan ƙasashe matalauta kada su rasa wurin zuwa.

Malam_na_Tibiri:
To Alhamdulillahi. In dai duba halitta ne don a gane yadda aka tsara ta, an umarce mu da yin tunani a kanta. Ku ci gaba, ina saurare.

MushenFizik:
Na gode ƙwarai, amma mun ɗan yi nisa da tambayar yarinyar. "Wa ya ce musu akwai?" Maganar dangi da ƊanGulbi ya kawo na ji ta, sai dai na san ta, za ta ce mini wannan zato ne.

ƊanGulbi:
Za ta yi gaskiya, Mushe. To ga abin da ba zato ba ne. Model Sitanda ya cika a matsayin jeri, amma akwai abubuwan da aka auna da ya kasa bayyanawa.

Tun shekarun 1970 Vera Rubin da abokan aikinta suka nuna taurarin da ke gefen manyan gungun taurari suna gudun da ya fi ƙarfin nauyin da ake gani. Da abin da ido ke gani ne kaɗai, da sun watse. Akwai wani ɓoyayyen abu da ke riƙe da su, wanda ba ya haske kuma ba ya tare haske. A lissafin yanzu shi ne kimanin kashi 27 na abin da ke cikin sararin duniya, mu da taurari da duk abin da Model Sitanda ya sani kashi 5 ne kacal. Babu ƙwaya ko ɗaya a jerin da ta dace da shi. In ɓoyayyen abin nan wata sikala ce, to hanya mafi sauƙi da zai yi hulɗa da mu ita ce ta wajen Higgs. Shi ya sa ake ce wa Higgs ƙofa.

Sannan kowace ƙwaya tana da kishiya, in sun haɗu sai su cinye juna su koma haske. A farkon duniya ya kamata a ce an samar da su kai ɗaya, su ƙare tare. Amma ga mu nan, an samu rara. Ɗaya daga cikin hanyoyin bayyana rarar yana bukatar filin Higgs ya sauya hali farat ɗaya a farkon duniya, kamar ruwa in ya tafasa yana ɓulɓulo ƙwai. Da Higgs guda mai nauyin GeV 125 (GeV ma'aunin nauyi da kuzarin ƙwayoyi ne), lissafi ya ce sauyin a hankali ya faru, ba tafasa. In ka ƙara sikala ta biyu, tafasar na iya yiwuwa.

Na ukun shi ya fi damun masu lissafi. Nauyin Higgs, GeV 125, wato kamar furoton 133, ya yi ƙanƙanta matuƙa. Sikala ba ta da abin da ke kare nauyinta, duk wata ƙwaya mai nauyi da ke hulɗa da ita tana jan nauyin sama. Don ya tsaya a 125 sai manya-manyan adadi sun soke juna daidai wa daida. Wasu suka ce dole akwai abin da ke yin sokewar. Shahararren ra'ayi a nan shi ne supasimetiri, wanda ya ce kowane kwak da kowane elektoron yana da abokin tagwaitaka sikala, kuma Higgs ba ɗaya ba ne, biyar ne: uku marasa caji, biyu masu caji. Ranar da aka ga Higgs mai caji, magana ta ƙare, don Model Sitanda ba shi da shi sam.

Bakatsine_Lakcara:
Ƙanena ya yi bayani mai kyau, amma a faɗa wa yarinyar ɗaya ɓangaren. Lokacin da nake ɗalibi, malamanmu sun yi imanin da an kunna injin nan supasimetiri zai bayyana cikin shekara ɗaya ko biyu. An yi karo a kuzarin TeV 7 da 8 (TeV ɗaya GeV dubu ne), aka ɗaga zuwa 13 a 2015, aka kai 13.6 a 2022. Shiru. Abokin da ake tsammani na kwak ɗin da ake kira top, a mafi sauƙin siffofin ra'ayin an kore shi har sama da GeV 1000. Kuma duk hujjojin da ya jero, ba ɗaya da ya ce sabuwar ƙwayar tana daidai inda injin nan zai iya kaiwa. Ɓoyayyen abu gaskiya ne, amma yana iya zama mai sauƙin da ba za a taɓa ganinsa a karo ba, ko mai nauyin da ya fi ƙarfin duk injin da za mu iya ginawa. Akwai manyan masana da ke ganin Higgs shi kaɗai ne har zuwa nesa. Ni kaina na fara karkata can, kuma ba da daɗin rai ba, don na ba abin nan ƙuruciyata.

ƊanGulbi:
Yaya, ban musa ba. Sai dai tsakanin takardun Englert da Brout da Higgs, masanan da suka kawo ra'ayin a 1964, da ganin ƙwayar, shekara 48 aka yi. Brout ma ya rasu a 2011, shekara ɗaya kafin a gani. Nutirino, Pauli ya yi hasashensa a 1930, sai 1956 aka kama shi.

Bakatsine_Lakcara:
Bambancin shi ne, da Higgs an san in babu shi ko wani abu a madadinsa ƙasa da kusan GeV 1000, lissafin zai rushe. An shiga daji ne da tabbacin akwai nama. Yanzu babu wannan tabbacin.

Lissafi_Dole:
Bari in shigo ta inda na sani, don ni ƙididdiga nake koyarwa. Mushe, ina ganin ɗalibarka za ta so jin yadda ake neman, ba dalilin kawai ba. Ba wanda ya taɓa ganin Higgs. Yana rayuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyar sau miliyar sau dubu na daƙiƙa, sai ya fashe. Ɓaraguzansa ake kamawa. Wani lokaci, kamar sau biyu cikin dubu, yakan fashe zuwa foton biyu. Sai a auna kuzarinsu da kusurwar da ke tsakaninsu, a lissafa nauyin abin da ya haife su. Matsalar ita ce, karo na yau da kullum ma yana fitar da foton biyu, ba adadi. In ka zana su duka, za ka ga gangare sumul, kamar rairayin bakin gulbi bayan ruwa ya janye. Sabuwar ƙwaya tana bayyana ne a matsayin ɗan tudu a kan gangaren, a wuri guda. Na Higgs ya fito a 125. Neman ƴan'uwansa shi ne bin gangaren nan daga ƙasa har sama ana shafawa da hannu.

Amma rairayi ma yana da tuddansa na banza. Shi ya sa aka sa doka: ba a cewa an gano sai tudun ya kai sigma 5, sigma kuwa ma'aunin yadda tudu ya fi ƙarfin sa'a ne.

Ɗan_Bagalam:
Wato damar a ce sun yi kuskure ɗaya ce cikin miliyan uku da rabi.

Lissafi_Dole:
A'a, nan mutane da yawa ke zamewa. Ma'anarsa: in babu wata sabuwar ƙwaya, damar sa'a kaɗai ta tara tudu mai girman nan a wurin nan ɗaya ce cikin kusan miliyan 3.5. Bai ce komai a kan kuskuren na'ura ko na mutum ba. Kuma akwai wani tarko. In ka shuka gona rami dubu, dole ka sami ramin da hatsinsa ya fi na kowa tsawo, ba don akwai taki a ƙarƙashinsa ba. Mai duba wurare ɗari dole ya ci karo da tudu a wani wuri. Don haka suke ba da adadi biyu, na wurin kaɗai da na bayan an lissafa yawan wuraren da aka duba, na biyun kullum ya fi ƙanƙanta.

TsohonJado:
Wannan magana ta Malam Lissafi ni na san ta a jikina. Na yi shekara biyu a Jado wajen zinariya. Za ka wuni da na'ura a hannu kana shara, rana na dukanka, sai ta yi kuka. Zuciyarka ta buga, abokai su taho da gudu, a haƙa, a tarar da guntun ƙarfe ko wani dutse. Akwai ranar da muka ga wani abu na walƙiya cikin kwano bayan wanki, wani yaro daga Tasawa har ya kira gida ya ce a fara neman masa aure. Da muka kai wa mai saye ya ɗiga masa ruwan gwaji, ya ce ba ita ba ce. Yaron nan bai ci abinci ba ranar. Tun daga nan muka yi doka, ba mai kiran gida sai mutum biyu dabam sun gwada.

ƊanGulbi:
Yaya TsohonJado, abin da ya faru a Disamba 2015 ke nan ba ragi. ATLAS da CMS duka suka ga ɗan tudu a foton biyu wajen GeV 750, na ATLAS ya wuce sigma 3. Aka ce ga babban wan Higgs ya zo. Cikin ƴan watanni aka rubuta ɗaruruwan maƙalu ana bayyana ko mene ne. Da aka tara sababbin bayanai, a watan Agusta 2016 aka sanar tudun ya baje. Amma a lura, ayarin biyu ba su taɓa cewa sun gano ba, dokarku ta mutum biyu ita ce tasu.

Yanzu akwai wani da ake sa wa ido wajen GeV 95, ƙasa da Higgs. CMS ta ga kusan sigma 3 a foton biyu, ATLAS ta duba wurin nata bai kai 2 ba, kuma tsohon injin LEP da ya yi aiki a cikin ramin nan daga 1989 zuwa 2000 ya taɓa ganin ƴar rara kusa da nan. Bai isa a kira gida ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na baya-bayan nan. CMS na neman Higgs mai nauyi da ke fashewa zuwa kwak top da kishiyarsa, sai ta ga rara ta gaske, sama da sigma 5, wajen GeV 345. ATLAS ta tabbatar a Yuli 2025. Amma top nauyinsa kusan 173 ne, ka ninka biyu ka ga inda ka faɗa. Fassarar da ta fi rinjaye ita ce top da kishiyarsa ne ke riƙe hannun juna na ɗan ƙiftawa kafin su fashe, abin da aka daɗe ana ganin ya yi wuyar aunawa a injin nan. An je neman baƙo, aka tarar da ɗan gida a ɗakin da ba a taɓa buɗewa ba.

Mai_Aya_Babbar_Kasuwa:
To in ƙwayar ɓoyayya ce kamar yadda kuka ce, ba ta haske, ba ta taɓa komi, ta yaya na'ura za ta kama ta?

Lissafi_Dole:
Alhaji, da irin lissafinka. Furoton biyu sun taho gaba da gaba, ba mai motsi gefe. Bayan karo, abin da ya watsu dama dole ya yi daidai da abin da ya watsu hagu. In ka tara ka ga ɓangare ɗaya ya rinjaya, to wani abu ya fice ba a gan shi ba.

Mai_Aya_Babbar_Kasuwa:
Yanzu ka zo gidana. In na zuba tiya arba'in cikin buhu a Gazawa, na iso Maraɗi na auna na ga talatin da takwas, ban ga ɓera ba amma na san an ci. Sai dai kahin in zargi ɓera, sai na duba ko tiyata ce ba daidai ba, ko buhun na da huda.

Lissafi_Dole:
Rabin aikinsu ke nan, Alhaji, duba tiya da buhu. Kuma nutirino ɓera ne da aka riga aka sani, sai an cire nasa kason tukuna. Da wannan hanyar ATLAS ta nuna Higgs da ke ɓacewa zuwa abin da ba a gani ba su wuce kusan kashi 11 cikin ɗari ba. Ka ga da sauran wuri a buhun.

Mai_Aya_Babbar_Kasuwa:
Na gane yadda ake yi. Maganar kuɗin dai har yanzu tana nan a raina.

Bakatsine_Lakcara:
Kuma za ta ƙara girma, Alhaji. Ana shirin ƙarfafa injin nan ya riƙa tara bayanai kusan ninki goma, ana sa ran ya dawo aiki wajen 2030. Bayansa ana maganar sabon rami mai kilomita 91, Sin ma tana da nata shirin na kilomita 100. Masanan kansu sun rabu a kan ko ya dace. Ni dai in za a gina, hujjata ba alkawarin sabuwar ƙwaya ba ce. A auna Higgs ɗin da ke hannu da kyau. Yadda yake hulɗa da kansa ma har yau ba a auna ba, kuma in yana da ɗan'uwa a ɓoye, a halayensa za a fara ganin alama.

Hadiza227:
Mushe, wani abu don ɗalibarka. Akwai makarantar fizik ta Afirka da ake yi ta ƴan makonni, an fara ta a Afirka ta Kudu a 2010, aka yi a Kumasi a 2012, a Dakar a 2014, a Kigali a 2016. Ɗaliban jami'a ake ɗauka. Maroko da Masar da Afirka ta Kudu duk suna da ayari a CERN. In ta ci bak ta shiga fizik, ko nan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko Yamai, hanya ba a rufe take ba. Sannan CERN tana sakin wani ɓangare na bayanan karon a intanet kyauta, har da waɗanda aka sauƙaƙa don ƴan makaranta.

Inna_ta_Zariya:
Abin da nake roƙo shi ne a je a ga iyayenta. Na karɓi haihuwar yara mata da yawa masu kai irin wannan, ina ganinsu suna tashi, sai a wayi gari an cire su daga lakwal. Mushe, in kana son rakiya zan bi ka, bakin tsohuwa yana shiga inda naka ba zai shiga ba.

MushenFizik:
Inna, na karɓa, Allah ya saka. Zan nemi izinin shugaban makaranta tukuna.

Yau Litinin na shiga ajin. Na zana gangaren Malam Lissafi a allo, na sa ɗan tudu a 125, na ba su labarin 750 da na yaron Tasawa. Na gaya musu abin da ƊanGulbi ya ce, na kuma gaya musu abin da Malam Bakatsine ya ce, ban ɓoye ko ɗaya ba. Aji ya yi tsit, har waɗanda ke barci a baya suka miƙe zaune. Da na gama na dube ta. Ta ce: "Mushe, to in sun duba wuri ba su samu ba, suna rubutawa cewa babu a nan?" Na ce ina jin haka ne, amma zan tambaya.

ƊanGulbi:
Suna rubutawa, Mushe, mafi yawan takardun binciken nan ma irinsu ne. Ana ce musu iyaka: sikala mai nauyi kaza, mai hulɗa da ƙarfi kaza, an duba babu. Aikin da aka ba ni na kammala karatu ma irin wannan ne, neman Higgs mai caji. Zan turo maka zanen guda ɗaya ka nuna mata, inda aka shafa launi an kore, inda ya rage fari ba a kai ba tukuna.

Injiniyan_Kuran:
Mushe, ina da tsohuwar kwamfuta a shago, batirinta ya mutu amma tana aiki in an jona. Zan haɗa muku da ƙaramin faifan sola don kada ɗaukewar wuta ta katse ku. Wace rana ba ka da darasi da marece?

MushenFizik:
Laraba, bayan la'asar. ƊanGulbi, bayanan nan na ƴan makaranta, nauyinsu nawa ne? In san kuɗin intanet da zan tanada kafin ranar.